Sa'adu Ba Ɗan Wasan Mota Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Taron Matasan Wurno, Rabah da Goronyo,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da iyali da sauran 'yan kwamiti, da fatan ana aiki lafiya.

Kwamitinka ya cire sunan ƙanena Sa'adu daga cikin waɗanda za su yi wa matasa jawabi a taron bana. Sakatarenku ne ya shaida mini ta waya, ya ce ba za ku tsayar da ɗan wasan mota gaban yara ba. Na nemi ganinka ban samu ba. Na rubuto a fili ne domin maganar ta riga ni fita: an yi ta a tashar 'yan kabu-kabu ta Wurno, an kai ta gidan suna, ta iske mahaifiyarmu a Kagara.

Na san abin da kuke tsoro. Ni ma ina wurin bikin da wani matashi ya yi ta juya mota yana ƙona taya don burge abokan ango, har ya kwashe wani dattijo da ke zaune bakin hanya. Dattijon da sanda yake tafiya yau. Wanda ya ga wannan, in ya ji an ce mota da gudu, dole gabansa ya faɗi. Amma aikin jarida na yi har na yi ritaya, kuma abin da ya koya mini shi ne a duba abu kafin a raɗa masa suna.

Na farko, asalinsa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, albasa yake ɗauka daga Taloka da Goronyo zuwa Kudu, kuma a gefensa Sa'adu ya koyi sitiyari. Albasa ba ta son birki mai ƙarfi. In direba ya yi ta fizgar mota, buhunan ƙasa za su daku, kafin a isa sun fara ruɓa. Shi ya sa in an sauke kaya, mahaifinmu buhun ƙasa yake fara kwancewa, nan yake gane irin tuƙin da aka yi. Daga baya Sa'adu ya tafi Turai karatun injiniya, ya shiga garejin masu motocin tsere yana wanke kayan aiki, ya zama makanike, ya zama mai gwada mota. Sai da shekaru suka ja sannan aka amince masa da kujerar direba. Ya taɓa gaya mini cewa Turawan sun yi ta mamakin yadda tayarsa ke daɗewa ba ta cinye ba, shi kuwa albasa kawai yake tunawa.

Na biyu, aikin kansa. Tseren juriya ake ce masa. Mota ɗaya, direbobi uku suna karɓa-karɓa, yini da kwana ba a kashe inji sai don shan mai da canjin taya. Titin a killace yake, ba mai tsallakawa, ga likitoci, ga masu kashe gobara. Wanda ya fi zagaye da yawa shi ya ci, don haka mai gaggawar da ya ƙona birki tun da safe, kallo zai yi da yamma.

Sau ɗaya na je na gani da idona, kuma har yau ban gama mamaki ba. Ƙarar motocin a ƙirji nake jin ta kafin kunne. In suka taho lanƙwasa, faifan birki ja yake yi kamar ƙarfe a maƙera. Sa'adu ya shigo canji, aka zaro shi daga mota jiƙe sharkaf, abokinsa ya faɗa ciki, aka ɗaure shi, mota ta tashi, ni ko kofin shayin hannuna ban kai baki ba. Ya cire hular kwano, bai nemi ruwa ba sai da ya gaya wa injiniya cewa tayar baya ta hagu ta fara zamewa, a faɗa wa na ciki ya lallaɓa ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne dab da ƙarshe. Motarsu na cikin na gaba, kuma shi aka tsara zai tsallaka layin ƙarshe, abin da kowane direba ke mafarki. Sai ya yi wa injiniya magana ta rediyon cikin mota cewa hannunsa na dama ya fara mutuwa, a shirya wani. Ba wanda ya lura, ba wanda zai kama shi da ya yi shiru. Ya shigo, ya ba da mota, ya tsaya bayan shinge yana tafa wa abokinsa lokacin da aka kaɗa tutar gama tsere. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi motar ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma akwai wasu rayuka a kan titin.

Ranka shi daɗe, wannan ne mutumin da kuka haɗa da mai ƙona taya a gidan biki.

Na uku, abin da hukuncinku ya jawo. Shekara da shekaru maƙwabta na yi wa Inna jaje, wai ɗanta ya tafi Turai yana ganganci da ransa. Ba ta taɓa ganin aikinsa ba, bidiyon ma in an nuna mata rufe ido take yi. Da ta ji kun gayyace shi, ta ce yau dai za a faɗa gaban mutane cewa sana'a yake yi. Da labarin cirewar ya iske ta, tambaya ɗaya ta yi mini: “Buhari, mi Sa'adu yay yi musu?” Bana Sa'adu zai aje tsere, ita kuma ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Ban ga wata shekarar da za a gyara wannan ba.

Roƙona shi ne ku mayar da sunansa, ku kuma sa 'yan kabu-kabu da direbobin tasha a sahun gaba. Yaran da ke wasan mota ba sa sauraron ni da kai, amma za su saurari wanda ya fi su gudu nesa ba kusa ba, in ya ce musu ya taɓa sauka daga mota don hannunsa ya gaji. In kuwa kwamiti ya tsaya kan bakansa, to ku janye kalmar nan ta ɗan wasan mota a fili, kamar yadda ta fita a fili.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, Ya tsare yaranmu a kan hanya.

Sa'adu zai sauka Sakkwato ran jajibirin taron. Inna ta ba da ɗinkin atamfarta, ta ce a nema mata kujera inda za ta ji shi sosai. Har na aje alƙalami, kwamiti bai tabbatar ko zai yi magana ba.

Wassalam.

Buhari, yayan Sa'adu,
Wurno.