Guntun Hanjin Da Aka Yi Wa Sutura

Yamai, ranar Laraba

Zuwa ga aminina Mushe Nafi'u, malamin makaranta a Sanam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina aikin lakwal? Yaya Dijatu da yara? Da fatan kaka ta yi muku kyau, an cika rumbu. Ni ma lafiya, sai dai ba a tasha nake ba, a gadon asibiti nake.

Kada ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Muna da yawa a ɗakin nan, gado na gogar gado, kuma rabinsu sun taɓa shiga motocina. Ba zan ɗaga murya ina zancen bayan gidana a gabansu ba. Magagi direbana zai miƙa maka ita hannu da hannu.

Ka tuna jinin da na ce maka basir ne? Shekara ta zagayo ina shan saiwa da sassaƙe. Da na zo nan aka zura mini wata igiya mai fitila ta ƙasa, abin da ban zaci zan yarda a yi mini ba, aka gutsuro ɗan nama aka duba. Ciwon daji ne a babban hanji, can ƙasa. Likitan ya zana mini hanjin, ya nuna inda zai yanke, ya haɗa da ƴan kaluluwar da ke manne da wurin. Zai fito da bakin hanjin ta gefen ciki a liƙa jaka, na ɗan lokaci. Abin da aka yanke kuma a kai shi labo, wurin da suke ce wa anapat, a yayyanka shi siriri a duba. Wannan guntun ne zai faɗi ko an kwashe ciwon duka, ko ya riga ya tsallaka. In bai tsallaka ba, a mayar da hanji, in koma tasha. In ya tsallaka, sai ƙarin ruwan nan mai zafi da suke kira shimiyo.

Kai kaɗai ka san wannan. A gida na ce basir ne ya yi ƙarfi, za a ɗan gyara. In matata Hasiya ta ji, kafin la'asar Inna Tanne ta ji, kafin magariba an kira masu goge an ce wata doguwa ce ke son baƙin bunsuru. Basiratu kuwa jarrabawarta ta matso a makarantar aikin jinya ta Damagaram, kuma uba ba ya buɗe wa ɗiyarsa irin wannan wuri. Yaya Ɗangoma ne ya biyo ni, ba ni na kira shi ba. Ya shimfiɗa buzunsa a baranda yana jan tasbaha. Faransanci ko kalma ɗaya babu, Zabarmancinsa na sayen goro ne. Ya dai isa riƙe buta.

Ni da na fara da wankin mota a tashar Filinge, birebe ɗina, takardar gama kwaleji, a aljihu, ban taɓa roƙon kowa ya tura ni ba. Wannan ma zan wuce shi. Ka sa ni a addu'a, ka yi shiru.

Ka gaida Dijatu. Naka har kullum,
Ibrah

Yamai, ranar Asabar

Aminina Nafi'u,

Ina yi maka sallama. Ya jikin tsohuwa, ya iyali? Na ga saƙonka da zumar da ka aiko, Allah ya bar zumunci. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, hannuna ne ba ya son alƙalami, zuciyata ma haka.

An yi aikin. Likita ya ce ya tafi daidai. Na farka na tarar da jakar a gefen cikina. Ba zan kwatanta maka ita ba. Ka dai sani mutumin da direbobi ke miƙewa in ya shigo tasha, yanzu yana sauraron cikinsa kamar mai gadin ɓarawo, ba ya shiga sahu a masallaci sai can ƙarshe kusa da ƙofa. Na daure, don an ce mini na ɗan lokaci ne, sakamakon labo kawai ake jira.

Aka sallame ni, na zauna a gidan wani abokin ciniki ina jiran ranar komawa. Ranar ta zo, na sa babbar riga, na shiga wurin likita. Ya duba ɗinki ya yaba. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi sakamakon anapat. Na ce ai su nake jira su ba ni. Ya dube ni, na dube shi. Ashe a asibitin nan ba su ke kai wa labo ba. Ana sa abin a kwalba cikin ruwan magani mai hana ruɓa, a ba mai jinya, shi zai kai. Aka kira ma'aikacin da ke wurin ranar, ya ce ya ba wani dattijo mai buzu, ya kuma yi masa bayani da Zabarmanci.

Na sa aka ɗauko mini Yaya Ɗangoma daga Filinge, don ya koma gida tun da na fara tafiya da ƙafata. Ko ɗar bai ji ba. Har da ɗan murmushi, kamar wanda ya yi aikin da za a gode masa. Ya ce da aka ba shi kwalbar ya gane ana nufin ga naman ɗan'uwanka. Ya tuna lokacin da aka yanke ƙafar Ɗanjimma maƙeri, an naɗe ta a farin ƙyalle an binne, haka malamai suka ce a yi. Sai ya rufa wa kwalbar rawaninsa, ya nufi tasha ina kwance ban farfaɗo ba. A motata ya tafi, Nafi'u, a gidan gaba, Magagi yana kauce wa ramuka don kada ta girgiza. Da ya isa ya zubar da ruwan, wai warinsa na sa hawaye, ya wanke guntun da ruwan rijiya, ya yi masa sutura, ya binne shi kusa da kabarin Baba. Washegari ya dawo baranda ya ci gaba da tasbaharsa. Bai gaya mini ba, wai ba a yi wa marar lafiya zancen maƙabarta.

Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba. Ya bari na gama, sannan ya ce: “Ibrah, ɗan Adam ne, kuma cikinmu ɗaya. In bar ka a kwalba kamar yaji? Kai ka ce mini basir ne.”

Kada ka rubuto mini abin da na san za ka rubuto. Wanda ya ba jahili kwalba da yaren da ba nasa ba, shi ya kamata a tambaya. Gobe zan tafi gida a tona.

Ka gaida mutan gida. Naka,
Ibrah

Filinge, ranar kasuwa

Nafi'u ɗan'uwana,

Sallama da gaisuwa. Ina zafi, ina ɗawainiya? Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda nake so. Na ji ka zo ba ka same ni ba, ina Yamai wurin ƙarin ruwa.

An tona. Liman ya so ya hana, na ce nama nawa ne, ban mutu ba balle a yi mini iko da shi. Yaya Ɗangoma da kansa ya riƙe hauya. Ƙyallen muka samu, ya yi baƙi, da abin da ba ya da suna. Duk da haka na kai wa likita a leda. Bai ko buɗe sosai ba, ya girgiza kai. Ya ce ƙasa ta riga su karantawa.

Ga inda muke. Ba wanda ya san ko ciwon ya taɓa kaluluwar nan. An yi hoto, ba a ga kome a hanta ba, amma likita ya ce hoto ba ya ganin ƙanana. Shi da abokan aikinsa suka zauna, suka ce tunda ba a sani ba, a ɗauka ya tsallaka, a yi shimiyo. Mai yiwuwa ina bukatarsa, mai yiwuwa banza nake sha. Jakar kuma tana nan sai an gama. Ruwan nan, Nafi'u, ya mayar da tuwo kamar yashi a bakina. Yatsuna sun mutu, ko randa na taɓa sai in ji kamar an tsira mini allura. Duk ranar da nake amai sai in tambayi kaina ko don magani nake yi, ko don rawanin Ɗangoma.

Yanzu kowa ya sani. Basiratu ta zo ta yi kuka, ta ce ko ɗan shekarar farko a makarantarsu ya san inda ake kai kwalbar nan, da ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin aiki da ba a yi haka ba. Ita ke canza mini jakar yanzu, wurin da na ce ba za ta gani ba. Inna Tanne ma ta samu bunsurunta, Hasiya ta ba ta a ɓoye, na yi kamar ban gani ba.

Na ba direbobina umarni. Duk wanda ya zo shiga motata a Yamai da kwalbar asibiti zai nufo ƙasarmu ta Kurfai, a sauke shi, a kai shi ƙofar labo, sannan a ɗauko shi. Kada ka ce alheri ne, haushi ne.

Ni da Yaya muna gaisawa, shi ke nan. Kullum da safe yana aiko mini da fura, ina ba yara. Jiya na bi ta maƙabarta ni kaɗai. Ashe bayan mun tafi ya mayar da ɗan abin da ya rage a ramin, ya gyara tudun, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Amma ƙayar da ya zagaya ta fi shi nesa ba kusa ba, na tsaya na auna da ido, tsawon mutum ne. Ya bar wa sauran jikin wuri.

Na daɗe a tsaye. Duk Yamai da likitocinta ba wanda ya san ko zan ga kakar baɗi. Wanda ya sani yana nan kwance kusa da Baba, an yi masa sutura, ba zai faɗa ba.

In za ka zo, ka zo ranar da ba kasuwa, mu samu zama. Ka gaida Dijatu da yara, Allah ya raya su.

Naka,
Ibrah