Gasar Muhawarar da Ta Wuce Hafsatu

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Tsiga lafiya lau.

'Yarka Hafsatu aka zaɓa ta wakilci makarantarsu a gasar muhawara a Funtuwa, amma kuɗin mota ya gagare mu, aka tafi da wata. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ran na uku ta ce, "Umma, a ba ni kunya biyar a gona in shuka waken suya in sayar. Baɗi da kuɗina zan je." Babanta ya ba ta goma. Waken ya yi kyau sosai, Yaya. In sha Allahu yarinyar nan sai ta je.

A sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Binta