Bangon Ikara Ya Tsaya, Zulai

Ikara, bayan Babbar Sallah,
shekara ta biyu da samun mulkin kai.

Zuwa ga Zulai 'yar Baffa Jumare, ta rugar Gubuchi.

Sallama da gaisuwa mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari su iso gare ki, ya sanyin idona, kurciyar fadama, raken Makarfi mai zaƙi tun daga saiwa har ƙoli! Ke ce inuwar tsamiya a tsakiyar bazara. Ke ce farar balbela mai tafiya a hankali a bayan garke, wadda ko laka ta taka ba ta ɓata mata farinta. Yaya gajiyar Sallah? Yaya Baffa da Inna, yaya shanu, yaya sabuwar ciyawa? Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kina murmushin nan da ke hana ni sanin gabas.

Bilki, na san ke za ki karanta mata, tunda ke kika zauna ajin yaƙi da jahilci. Don Allah ki bi a hankali, kada ki tsallake ko kalma ɗaya, abin da kika ji kuma ya tsaya tsakaninku.

Albishirinki, Zulai! Bango ya tsaya! Ruwa ya zo da dukan ƙarfinsa, ya doke shi, ya koma da kunya. Yau babu mai shiga Ikara ta hanyar kasuwa bai ja birki ko linzami a ƙofar gidan Alhaji Maiwada ba. Ina so ki ji labarin daga bakina kafin masu tallar nono su kawo miki shi a gutsuttsure.

Kin tuna ranar da na fara ganinki a kasuwar Makarfi? Na fito daga aiki, laka har gwiwar hannu, yunwa na juya ni. Na tsuguna na ce a dama mini fura. Kika miƙo ƙwarya, sai na kasa kai ta baki. Wane irin zane ne wannan a jikinta? Layuka siri-siri, an ƙona su da tsinken ƙarfe mai zafi, sun taso daga gefe daban-daban, suna rabuwa suna haɗuwa, suna kewaya juna, har suka taru wuri guda kamar sun yi alkawari. Na juya ƙwaryar, na sake juyawa, har nono ya kusa zuba. Sai na ji muryarki, mai taushi kamar audugar da aka shiɓe: "Malam, furar ake sha, ba ƙwaryar ba." Na tambayi wanda ya yi zanen. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Hannun da ya dama furar." Daga baya kika gaya mini sunansa, sawun shanu zuwa rafi. Wayyo Zulai! Tun ranar ni ma na zama ɗaya daga cikin shanun nan, duk hanyar da na ɗauka wajenki take ɓullewa.

Kin kuma san abin da Baffa ya faɗa sa'ad da kawuna ya je gaishe shi da maganata. Bai kore mu ba, mutumin kirki ne. Cewa ya yi, "Yaron yana da ladabi. Amma aikinsa damina ke cinyewa. Ya zana bango da rani, ruwa ya lashe da damina. A jikin me zan jingina 'yata? Ya je tukuna." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar tubali. Ban ji haushinsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Sau nawa na wuce gidan da na ƙawata bara, na tarar fuskarsa ta zagwanye kamar ba a taɓa sa mata hannu ba?

Da wannan nauyin na zo Ikara. Alhaji Maiwada, mai fataucin mazarƙwaila da barkono, ya gina sabon zaure mai tsayi, yana son a zana masa fuskar zauren kafin Babbar Sallah. Ya ce a sa masa motarsa ta ɗaukar kaya, a sa tutar ƙasa sabuwa, sauran kuma in yi yadda na ga dama. Na kwaɓa laka mai kyau, na hau tsani, na yi ta aiki rana na dukan ƙeyata. Na fitar da mota da ƙafafunta, na ɗaure dagi a saman ƙofa. Saura kawai in shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke kare bango daga ruwa, sai hadari ya taso daga gabas wata la'asar, tun lokacinsa bai yi ba.

Zulai, ina tsaye ina kallo! Ruwa ya sauko kamar da gayya. Motar Alhaji ta narke ta gangaro ƙasa, dagi ya kwance, tuta ta koma jan taɓo tana bin kwata. Aikin da na zuba wa raina ya bi rariya kafin a kira magariba. Washegari masu wucewa suna cewa, "Sannu Ashafa, motar ta tashi ba direba?" Na yi dariyar yaƙe. Abin da ya fi ci mini rai, muryar Baffa ce nake ji cikin kowane ɗigon da ke sauka daga indararo.

Alhaji ya kira ni zaure. Ya ce, "Ashafa, ba laifinka ba ne, ikon Allah ne. Amma Sallah ta matso. Na sa an kawo siminti daga Zariya, za a shafe bangon sumul kamar na ofis, kowa ya huta." Na durƙusa na ce, "Alhaji, a shafe ɗin. Amma a bar ni in yi zane a kai tun yana ɗanye." Ya ce, "Siminti ba laka ba ne, ba zai jira ka ka yi tunani ba. In ka kuskure babu gyara, kuma kuskuren zai zauna a ƙofar gidana har jikokina, sunanka na manne da shi. Ka taɓa yi?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To me ka dogara da shi?" Na ce, "Allah, da wani zane da na haddace." Ya yi murmushi ya ce in hau.

Ya hasken zuciyata, da kin ga yadda aka yi! Magini na shafa simintin kamu ɗaya, ni ina biye da shi da cokalin da na daddale bakinsa, da kuma ƙusa mai tsini. Kafin in ɗaga kai gefen farko ya fara ƙanƙamewa. Babu damar ja da baya a duba, babu damar gogewa. Na ɗora cokali zan ja layin farko. Sai na rufe ido, na ga yatsunki riƙe da tsinken ƙarfe, yadda ba kya gaggawa kuma ba kya tsayawa, yadda kike barin layi ya nemi hanyarsa da kansa. Na buɗe ido na bi ki, na sake fitar da mota da tuta da dagi. Sawun shanu ya taso daga kusurwar dama, wani daga hagu, suka kewaye motar Alhaji, suka ratsa ƙarƙashin tuta, suka rabu, suka haɗu, suka gangaro suka taru daidai saman ƙofa, inda duk mai shiga zai bi ta ƙarƙashinsu. Siminti ya cinye mini fatar yatsu, suka tsattsage har ina ɗaure su da tsumma, in yi alwala da ƙyar. Wallahi ban ji zafinsu ba sai in na sauko! Ashe haka so yake? Ashe yana iya ɗaukar hannun mutum ya yi aiki da shi, mai hannun na kallo? Da ya bushe na bi shi da fenti, kore da fari da shuɗi, da ɗan ja irin na bakin faranti.

Labari ya kai Dandamisa wurin maigidana Baba Lado, wanda ya koya mini riƙon laka tun ina ƙarami. Kin san yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin ko tafin hannunsa. Duk da haka ya sa aka ɗora shi a motar rake ya zo. Na kama hannunsa na kai shi jikin bango. Ya fara shafawa, yana tafiya a hankali, bakinsa na motsi. Ya ce, "Wannan dagin nawa ne, na san ɗaurinsa. Wannan motar taka ce, har yanzu kana cika wa ƙafa girma." Sai yatsunsa suka faɗa kan sawun shanu. Ya bi layi ɗaya har iyakar inda hannunsa ke kaiwa, ya dawo ya kama wani. Can ya ce, "Ɗana, wannan mai tafiya kamar ruwa fa? Ban koya maka shi ba, ni ma ban iya shi ba. Na wane ne?" Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, na wata ne." Tsohon nan ya yi dariya har hawaye na fita daga idanun da ba sa gani, ya ce, "To ka yi maza, kafin wani mai zane ya gano inda take!"

Amma babbar rana ita ce kasuwar jajiberin Sallah. Gari ya cika maƙil da masu raguna. Da hantsi hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya fi na farko muni. Mutane suka ruga neman mafaka, rumfunan da ke fuskantar gidan Alhaji suka cika, kowa ya zuba wa bango ido, ana jiran a ga mota ta sake tashi. Ni ban fake ba. Na tsaya a fili, na ce in zai tafi mu tafi tare. Ruwa ya zuba, iska ta kwashe rufin rumfa, kwata ta cika ta batse. Da ya ɗauke, rana ta leƙo, sai ga bango yana ƙyalli kamar an yi masa wankan Sallah! Ko ƙwarzane babu! Ruwa na bin layukanki yana gangarowa, sai ka rantse shanun ne da gaske suka iso rafi. Kasuwa ta ɗauki sowa. Wata tsohuwa mai daddawa ta rangaɗa guɗa. Waɗanda suka yi mini ba'a su ne suka fara miƙo hannu.

Ina cikin wannan, jiƙe sharkaf, sai na ga mutum ya fito daga zauren Alhaji, sanda a kafaɗa, malfa a ka. Baffa ne, Zulai! Ashe ya kawo raguna kasuwa, ruwa ya koro shi cikin zauren, bai san aikin wane ne a kansa ba. Ya ja da baya ya ɗaga kai. Na zube na gaishe shi. Idonsa na kan bango. Sai ya ce, "Wannan zanen daga gidana ya fito. Kakarta ce ta fara shi, uwarta ta ƙara masa, ita ta ƙarasa." Ya sa bakin sandarsa ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji ƙarfinsa. Ya dubi tsumman da ke yatsuna. Ya ce, "Tashi, Ashafa, ƙasa da sanyi. Ka gaya wa kawunka ina gida bayan Sallah."

Ina gida bayan Sallah! Akwai waƙar da ta kai wannan daɗi? Akwai zumar da ta kai ta? Na so in yi tsalle in taɓo indararo, kunyar suruki ta riƙe ni. Yanzu haka an aiko daga Kudan, an aiko daga Taba, wani mai shago a Makarfi ya ce ba zai buɗe ba sai na sa masa hannu. Har mai hoto ya zo daga Zariya ya kafa akwatinsa a gaban gidan. Suna ta cewa Ashafa, Ashafa, ni kuwa sunanki ke yi mini kai-kawo a maƙogwaro, kunya ce kawai ta hana ni shelanta shi a tsakiyar kasuwa. Shekaru mutane na shan fura a ƙoren da kika zana, su ajiye su tashi. Yau ga malamai da fatake da direbobi sun ɗaga kai suna kallon aikin hannunki, hula na faɗuwa ba su sani ba.

Saboda haka ga alkawarina, ya tauraruwar gabas, ya ruwan randa a ranar zafi. Idan Allah Ya kawo ki gidana, tsinken ƙarfenki ba zai yi sanyi ba. Zan shuka miki duma a bayan gida har ya haye danga, zan kafa miki rumfa inda haske ke faɗowa da safe. Kada ki bari kowa ya ce miki amarya ba ta zane. Roƙona ɗaya ne: in kawuna ya zo, Inna ta tambaye ki, kada kunya ta sa ki yi shirun da za a kasa fassarawa. Ko kai ne ki ɗaga kaɗan, ya ishe ni.

Na riga na fara gina ɗakinki a Dandamisa. Waje zan ƙawata shi da duk abin da na iya. Amma bangon ciki, wanda idonki zai fara sauka a kai kowace safiya, ban zana shi ba kuma ba zan zana ba. Ranar da kika tare zan shafe shi da sabuwar laka mai laushi, in ja da baya in riƙe miki ruwa. Ke za ki sa yatsa ki ja layin farko, ni in bi bayanki.

Naki ne ni da rani da damina, da ƙuruciya da furfura, har ranar da hannun nan zai kasa ɗaga cokali, zuciyar kuwa ko a ranar ba za ta sauka daga kanki ba.

Mai ƙaunarki har ƙarshen numfashi,
Ashafa mai zane, na Dandamisa.