Gogen Kawu Ya Ƙi Yin Shiru

Gwaggo Bara'atu, don Allah ki agaza mini, saura mako biyar kuma kaina ya ɗaure.

Ni malamin firamare ne a Safana. Asalinmu wani ƙauye ne bayan Runka, rashin tsaro ya tashe mu shekara huɗu ke nan. Bara waccan na ci karo da tango a wayata, kiɗan mutanen Ajantina. Wallahi ranar ko tuwo ban ci ba. Kiɗa ne da yake ja, ya fizga, sai ya tsaya cik, kuma a tsayuwar nan gabanka yake faɗuwa. Na dage na koyi rubuta kiɗa, har na tsara nawa na mutum uku: ni da ƙaramar fiyano, abokina Yero da sarewa, sai Kawuna Muntaka da goge. Ba na rawa ba ne, ba na biki ba, zama ake yi a saurara. Yanzu wata ƙungiyar raya al'adu ta ba mu minti goma a taron da za ta yi a Katsina nan da mako biyar.

To, a tsakiyar kiɗan na sa shiru na bugu takwas. Kawu ya ƙi! Da mun iso wurin sai ya cusa taken manoman ƙauyenmu, wanda yake musu a kalankuwa bayan gero ya shiga rumbu. Na yi bayani, na ƙirga masa da yatsu, har rannan na riƙe masa hannu, Allah ya yafe mini. Cewa ya yi shekara arba'in yana goge, bai taɓa ganin makaɗi ya yi shiru jama'a na kallonsa ba, sai in izga ta tsinke.

Akwai wani ɗalibi a Katsina mai gogen Turawa, yana karanta rubutun kiɗa, zai yi shirun daidai. Amma Kawu ne ya riƙe ni bayan rasuwar babana, kuma har ya kai ɗinkin rigar zuwa taron. Ni dai kiɗan nan sai ya fito, ko ana ha-maza-ha-mata. In cire Kawu in sa ɗalibin?

Mai Fiyano, Safana

Ɗana Mai Fiyano, sannu da ƙoƙari.

Kana da gaskiya. Kiɗanka ne, kai ka san inda ka ajiye numfashinsa, kuma ba laifi ba ne ka so a yi shi yadda ka tsara. Amma riƙe hannun wanda ya rene ka a gaban abokinka, haba! Wannan ka sayi goro ka je har gida ka durƙusa, tun kafin a koma maganar kiɗa.

Kawunka ma ba taurin kai kawai yake yi ba. A sana'arsu shiru a gaban jama'a abin kunya ne, kai kuma ka zo masa da lissafin yatsu. Sannan ka sake karanta wasiƙarka. Cikin duk taken da ya sani na shekara arba'in, wanne yake cusawa? Na gonakin da kuka baro. Ni ban san tango ba, amma na ji an ce kewar gida ce jijiyarsa. Abin da ka je nema Ajantina, dattijon nan yana miƙo maka shi kullum kana ture hannunsa.

Ga shawarata. Ka rubuta wa takensa gurbi a cikin kiɗan, shi kaɗai, ku biyu ku saurara masa. Shirunka ya biyo baya. Kada ka ce masa bugu takwas. Ce masa bayan take a tsaya, don a tuna da waɗanda ake yi wa shi. Ku gwada mako biyu. In har ya gagara, ka nemi ɗalibin, amma daga bakinka Kawu zai ji, ba daga bakin tela ba.

Ban zaci za a kai can ba. Mutumin da ya kaɗa wa manoma takensu babu wanda ya amsa don duk sun watse, ba sai an koya masa shiru ba.

Allah ya kai ku Katsina lafiya, ku ukun, ya kuma maishe ku gonakinku.

Gwaggo Bara'atu