Sunan da ke Kan Kwalba

Lahadi, 1 ga Yuni

Saura mako biyu a yi mini baftisma. Shekara talatin da takwas, 'ya'ya uku, sai yanzu. Baban yara ya ce ruwan zai sha wahala kafin ya wanke bakin nan nawa. Na ce ya ji da nasa.

Yau Fasto ya raba mu, mu masu jiran baftisma. Kowace mace an haɗa ta da dattijuwa ɗaya da za ta riƙa koya mata, ranar kuma ita za ta tsaya a bakin ruwa da tawul. Duk matan cocin nan, wa aka ba ni? Wadda muke kira Yaya a wurin aiki. Yaya da muka yi aiki tare a ɗakin gwajin jini, wadda ta koya mini neman jijiya, wadda aka kora shekara shida da suka wuce. Ta rungume ni tana cewa, "Ƙanwata, Allah ya sake haɗa mu."

Talata, 3 ga Yuni

Zamanmu na farko, a falonta. Ta ce shiga ruwan nan ba wanka ba ne, binnewa ce. Tsohuwar ni za a binne, wata sabuwa ta fito tare da Almasihu. Ina ta gyaɗa kai kamar ina ji.

Hannunta nake kallo. Tana zuba shayi, rabi a kofi rabi a faranti. Ta kama ni ina kallo, ta yi dariya. Wai tun abin nan yake rawa, ko zare ba ta iya zurawa a allura. "Na san Ubangiji ya yafe mini tsohon nan da na kashe," in ji ta. "Hannun ne bai samu labari ba." Ta ce kullum da safe sai ta ambaci iyalinsa a addu'a, kuma idan ta isa can, bayan ta ga fuskar Yesu, shi za ta fara nema ta roƙe shi gafara.

Ni a zatona ta san zaluntarta aka yi. Ashe ta yarda ita ce. Wayyo Allah.

Laraba, 4 ga Yuni

Bari in rubuta, tunda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Dokar aikinmu ɗaya ce: ka ɗebi jini, sannan ka rubuta suna a kwalba, mai jinin yana zaune a gabanka. Ni kuwa sarkin sauri, sai in rubuta sunaye goma tun da safe in jera a tire. Ranar nan Yaya ta fita minti goma, ta ce in riƙe mata teburinta. Tsofaffi biyu ne a layi. Na rubuta kwalabensu a jere, sai na biyun ya riga na farkon zama, ni kuma ban tambaye shi suna ba. Mai ciwon ƙoda aka ce masa lafiyarsa lau, ya koma gida. Bai yi wata biyu ba ya rasu.

Da aka zo bincike, kwalaben sun daɗe a shara. Rajista kawai ta rage, teburin nata ne, sa hannun nata ne. Aka tambaye ni ko na san wani abu. Na ce a'a.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sau uku nake duba kowace kwalba yau. Layi har waje, ana ta tsaki.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na tuba ai. Na faɗa wa Allah, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Me kuma ya rage?

Bayan sujada na tare Fasto, na ce wata ƙawata ce ke tambaya, idan mutum ya furta laifinsa a gaban Allah, ba shi ke nan ba? Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce in gaya wa ƙawar tawa Allah ba ya ja da baya a kan gafararsa, jinin Yesu ya isa. Amma idan akwai wanda har yanzu yake ɗauke da kayanta a kansa, ta je ta sauke masa. Haushi ya kama ni. Wa ya tambaye shi wannan ƙarin?

Laraba, 11 ga Yuni

Na faɗa wa Baban yara, yana wanke mota. Ya bar ruwa yana ta zuba a ƙafarsa. Mutumin da ba ya rasa abin tsokana, yau tambayoyi ya jero mini.

"Kin san za su iya ƙwace miki takardar aiki gaba ɗaya?" Na sani. "Kin san za ta iya tsanarki har ta mutu?" Na sani, malam, na sani! Na yi masa ihu kamar shi ya rubuta kwalaben. Daga baya ya ce idan zan je, zai kai ni ya jira a waje.

Tsoro nake ji. Aikin nan shi kaɗai na iya a duniya.

Juma'a, 13 ga Yuni

Da la'asar. Ta buɗe Maganar Allah za mu fara, na ce Yaya tsaya. Ban yi wani shimfiɗa ba, don in na tsaya gyara zance zan gudu. Na ce ba ke ba ce, ni ce. Na faɗi tire, na faɗi minti goman, na faɗi a'ar da na ce wa masu bincike.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta ɗaga hannuwanta biyu tana juya su, tana kallo kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Ta ce, "Shekara shida." Sai kuma, "Kin zo kin taya ni kwashe kayana daga ofis ranar. Ke kika riƙe mini jaka."

Na durƙusa. Ta ce in tashi, ba ita ake durƙusa wa ba. Ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe har na fita.

Asabar, 14 ga Yuni

Na rubuta wa shugabanmu na wurin aiki takarda. Shafi ɗaya. Ban sa "bisa kuskure" ba a wurin a'ar, don ba kuskure ba ne.

Farar rigar gobe tana rataye. Ban san ko akwai mai riƙe mini tawul ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Mu bakwai ne. Kowa da tasa dattijuwar a gefe, ni kaɗai tsaye kamar wadda aka manta a tasha. Na ce a raina in ma ba kowa, zan shiga.

Ruwan da sanyi. Fasto ya tambaye ni, na amsa, ya danna ni ƙasa. Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba, ruwa ne ya shiga mini hanci. Na fito ina tari, ban ko gani sosai, sai na ji an yafa mini tawul an damƙe kafaɗata da ƙarfi har da zafi.

A kunnena ta ce, "Ban gama fushi ba, kar ki ɗauka na gama. Amma ni aka ba tawul ɗin." Tana goge mini kai kamar tana goge tukunya. Sannan ta ce, "Tsohon nan kuma, in mun isa can, ke za ki nemo shi. Ni rakiya zan yi miki."

A nan ne na fashe da kuka.

Litinin, 16 ga Yuni

Na miƙa takardar. Shugabanmu ya karanta sau biyu a tsaye. Kwamiti zai zauna ranar Juma'a, kafin nan in ci gaba da aiki.

Alhamis, 19 ga Yuni

Wataƙila yau ce ranata ta ƙarshe a teburin nan. Ban ce na canza ba. Da safe ma sai da na zazzaga wa Baban yara masifa a kan makulli. Abin da na lura kawai, na ci abincina tas, har na kama kaina ina waƙa a wurin wanke hannu.

Wajen sha ɗaya na ɗaga kai in kira na gaba, sai ga Yaya da takardar likita, gwajin sukarinta. Tebur uku ne a ɗakin, biyu babu kowa. Ta wuce su ta zauna a gabana, ta naɗe hannun riga.

Na sami jijiyar a tashi ɗaya, yadda ta koya mini. Kwalba ta cika. Na ɗauki biro, na ce, "Baiwar Allah, sunanki?"

Ta harare ni. Sannan ta faɗa, cikakke, har da na mahaifinta. Na rubuta tana kallo.