Sunan da Turai Ta Sa Mini

Litinin, 8 ga Satumba
Asibiti sun tabbatar, Turai ba ta ji. 'Yar yayana Auwal ce, shekararta biyu, ni nake goyonta tun da na gama firamare. Ashe duk waƙoƙin nan ni kaɗai nake ji.

Laraba, 10 ga Satumba
Wata mata ta zo a babur, Anti Cecilia, 'yar Dukku. Wai aikinta ke nan, bin gidaje tana koyar da yara kurame da masu jinkirin magana tun suna ƙanana. Ba likita ba ce, ba malamar aji ba ce. To mece ce?
Ta zauna dirshan a tabarma ta ce in sauke Turai. "'Yammata, a bayanki me za ta gani? Ƙeyarki?" Wai da ido Turai za ta ji, sai ta ga fuska da hannu. Ta ce in kalli Turai. Na kalli tabarma.

Asabar, 13 ga Satumba
Na koyi maganar hannu: ruwa, abinci, zo. Hannuna yana yi, fuskata ce ta ƙi. In tambaya ce sai an ɗaga gira, an buɗe ido. Tun ina ƙarama ake ce mini yarinyar kirki ba ta zare wa mutane ido. Yanzu an ce in zare. Wanne ne?

Talata, 16 ga Satumba
Hajjo, uwar Turai, ta ƙi zama da mu. Turai 'yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita a gaban mutane. "Yarinyar nan" take cewa. Anti ta ce, "Haba Hajjo, zo ki ɗan zauna." Hajjo ta ce tuwo zai kama. Ko wuta ba a hura ba.

Juma'a, 19 ga Satumba
Bappa, wan babanmu, ya zo daga ruga ta wajen Sahon Rami. Zai tafi da Turai wurin kaka farkon wata. "Can ba motar da za ta buge ta, shanu kuma ba ruwansu da wanda ba ya ji." Ba mugunta ba ce, yana sonta. Amma babur ɗin Anti ba ya kaiwa can, kuma ta ce yanzu ne lokacin koyo, in ta girma zai yi wuya. Yaya Auwal kuwa ba ya musu da Bappa.

Lahadi, 21 ga Satumba
Ban san wa ke da gaskiya ba.

Alhamis, 25 ga Satumba
Turai ta sa mini suna! Anti ce ta lura. In Turai tana nemana sai ta ja hannu ta rufe baki, yadda nake yi da hijabi. Aka yi ta dariya, kamar in nutse. Sai Anti ta nuna Hajjo, ta ɗaga gira: wace ce wannan? Turai ta kau da kai gefe. Aka sake tambaya, ta sake kau da kai. Sunan uwarta ke nan.
Ba wanda ya yi dariya. Hajjo ta shige ɗaki.

Talata, 30 ga Satumba
Hajjo ta ja ni bayan ɗakin girki. "Shamsiyya, yaya ake cewa uwa? Kar ki gaya wa kowa." Na nuna mata. Na ce, "Adda, amma sai kin kalle ta." Ni ce na faɗi haka? Muryar Anti na ji a bakina.

Lahadi, 5 ga Oktoba
Bappa ya zo, an ɗaure kayan Turai a leda. Wallahi ban shirya komai ba. Kawai ji na yi na ce, "Bappa, don Allah tsaya ka gani." Na durƙusa gaban Turai, na ɗaga gira, na nuna Hajjo. Turai ta fara kau da kai.
Sai Hajjo ta tsuguna. A gaban Bappa, a gaban Yaya. Ta kamo haɓar Turai, ta dube ta cikin ido, ta yi alamar uwa. Turai ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwaikwaya, a karkace.
Bappa ya yi ta duban sandarsa. Can ya ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. To ni kuma wane suna ja'irar ta sa mini?" Ya ce a kwance ledar tukuna.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na tambayi Anti wace makaranta ake yi a samu irin aikinta. Sai an gama sakandare, sannan kwaleji. Tambaya kawai na yi, ɗinki aka ce in koya. Har yanzu ma ban san sunan aikin ba.
Sai da ta tafi na tuna, duk maganar nan fuskarta nake kallo.
Ita dai Turai har yanzu baki take rufewa in tana nemana. Na bar mata.