Wanda Aka Binne da Sunan Mijina

Ƙauyen Dong Lau, Thai Binh
Bayan girbi, 1976

Zuwa ga Yayata Nhan,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar nan taki, ta bar kumburi kuwa? Ina gaida maigidan da yara, da fatan sanyin tsaunukan can bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau muke. Amma ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Yaya, baban Lien ya dawo, kuma da ƙafafunsa. Khue dai nake nufi, mijina, wanda kika zo kika taya ni kukansa shekara huɗu da suka wuce, lokacin da aka kawo takardar mutuwarsa.

Washegarin ranar tunawa da shi ya iso. Na riga na yanka kaza, na dafa shinkafa mai danƙo, na jera a teburin magabata gaban hotonsa, dangi sun ci sun watse. Ina wanke tukwane sai ga wani ramammen mutum a bakin ƙofa, idanu sun faɗa, jakar soja a kafaɗa. Surukata ta ce kada wanda ya taɓa shi sai ta ga inuwarsa a ƙasa, tunda fatalwa ba ta da inuwa. Da ta gani sai ta hau dukansa da mafici tana kuka. Lien kuwa ta laɓe a bayana ta ce wannan ba Baba ba ne, Baba yana kan tebur. Ni kuwa na ɗumama masa ragowar kazar. Ya cinye tas, ya ce ashe matattu sun fi masu rai morewa a gidan nan.

Farin cikina ba ya faɗuwa, amma bai yi mako ba mutumin nan ya ɓata mini rai. Na je zan sauke hoton, ya ce hoto dai in sauke, amma kada turaren tsinke ya mutu, domin akwai mai shi. Kin tuna zanen lilon da ake ba sojoji, wanda suke ɗaurawa tsakanin bishiya biyu su kwana? Kin tuna na zauna na ɗinka sunansa da na ƙauyenmu a gefe da jan zare, don kada a musanya masa? To a ciki ya naɗe wani abokinsa mai suna Tuat ya binne shi a daji. Masu tattara gawawwaki da suka zo daga baya suka tono, suka karanta zarena, suka rubuta Khue. Shi kuwa yana can wani ƙauyen mutanen dutse, zazzaɓi ya kayar da shi. Da ya tashi ya shiga wata runduna har yaƙi ya ƙare, daga nan sai asibiti. Ya ce ya aiko wasiƙu. Ni dai ban ga ko ɗaya ba.

Ya taka har ofishin sojoji ya tambayi abin da aka rubuta wa Tuat, aka ce masa, ba a san inda yake ba. Yaya, kin san abin da ƙauye yake yi da wannan magana. A gabanki aka yi ta nuna matar Hach da baki ana cewa mijinta ya tsere wurin abokan gaba, har ta daina zuwa kasuwa. Tuat yana da uwa, shi kaɗai ta haifa. Khue ya ce ba zai kama garma ba sai tsohuwar nan da mutanen garinsu sun ji daga bakinsa yadda ɗanta ya mutu.

Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce gona tana jira, rufin ɗaki yana yoyo, 'yarka ba ta ma saba da muryarka ba. Ya kafe, irin kafiyar nan tasa da kika sani, ko da taɓarya ba a motsa shi. Sai na ɗaure kayana. Sau ɗaya na sake shi ya tafi aka kawo mini takarda, wannan karon ƙafata ƙafarsa. Lien za ta zauna wurin kakarta.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Thoa

*

Bakin kogin Lam, Nghe An

Yaya Nhan,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyali, ina rubuto miki ne a kan gwiwata, a rumfar wata mai shayi, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Abin da Khue ya sani game da abokin nasa ba shi da yawa. Sunansa Tuat, uwarsa Mui, tana fito da mutane a kwale-kwale a wani mashigi na kogin nan, kuma ta iya jiƙa gauta da gishiri a tulu. Na ce masa sannu da ƙoƙari. Duk wanda aka haifa a shekarar kare ta lissafinmu Tuat ake sa masa, duk tsohuwar da ke lardin nan tana da tulun gauta. Haka muka yi ta bin mashigai ɗaya bayan ɗaya. Ga maganar mutanen nan mai nauyi, sai sun maimaita nake kamawa.

Amma ban yi nadamar zuwa ba, domin a hanya bakinsa ya buɗe. A gida ko kalma ba ya faɗa game da daji. Ya ce damina ce ta rutsa da su, an datse musu hanya, shinkafa ta ƙare. Rogo suke tona, in babu su dafa ganye. Gishiri ya yanke har suna ƙona ciyawa su lashi tokar. Da rana ba a hura wuta saboda jirage. Matsattsaku suna shiga ko'ina, ƙafafu suka ruɓe a cikin takalma, zazzaɓi yana kayar da su bi da bi. Da ya kayar da Khue, Tuat ne ya goya shi, yana hawa tudu yana tsokanarsa, wai kai mutumin Thai Binh, babu nama sai ƙashi amma ka fi ɓauna nauyi, in mun koma sai matarka ta biya ni da kaza.

A wani rafi abokan gaba suka cim musu, ga masu rauni da yawa da sai an ɗauka. Tuat ya sauke Khue a ɗaya gaɓar, ya koma ya kwanta bayan wani dutse da bindigarsa, ya tare hanya har kowa ya haye. Can da la'asar ya biyo su da jan ciki, hannunsa dafe da cikinsa. Da safe ya cika. Nasa zanen lilon tuni ya yayyaga shi an ɗaure wa mutane raunuka, shi ya sa Khue ya ba da nasa. Daga ranar har ƙarshen yaƙi a ƙasa mijina yake kwana, cikin ruwa da cinnaku. Sauran da suka haye rafin, yawancinsu ba su kai ƙarshen daminar ba, babu wanda ya kai labari.

Na yi kuka a bakin hanya ba kunya. Na ji haushin kaina kuma, da na tsaya ina maganar yoyon ɗaki.

Ɗazu na tambayi mai shayin nan ko ta san wata Mui mai kwale-kwale. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Uwar matsoracin nan da ya tsere? Tana hayin can, ƙarshen gari. Ai an karɓe kwale-kwalen tuni." Saura kaɗan in watsa mata shayinta, Khue ya riƙe mini hannu. Yanzu mai fito muke jira.

Ki sa mu a ranki in kin kunna turare.

Taki,
Thoa

*

Ƙauyen Ben Sung, Nghe An
Farkon sanyi

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara duka. Ina fatan ba ki yi fushi da shirun da na yi ba. Kusan wata biyu ke nan muna garin nan, kuma yau ina da labarin da ya isa a rubuta.

Mun tarar da Inna Mui a ƙofar bukkarta tana gyaran komar wani. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, bayanta ya tanƙware saboda tuƙi. Khue ya durƙusa ya faɗi sunansa da rundunarsu. Ta ɗaga masa hannu ta ce, "Dakata, ɗana. Kada ka gaya mini yana raye ko ya mutu tukuna. Ya gudu?" Khue ya ce, "Bai gudu ba, Inna. Mu ne muka gudu, shi ya tsaya." Ta daɗe tana kallon kogi, sannan ta tashi ta zubo mana shinkafa da gauta, ta ce mu ci tukuna, sauran maganar ba za ta tsere ba.

Da ta ji komai, na gaya mata ranar da ya cika, na ce kada ta damu, bai zauna da yunwa ba, shekara huɗu ina ajiye masa abinci ban sani ba. Ta tambayi me nake dafawa. Na ce kaza da citta. Ta ce, "Kai, yaron nan ya sha wuya a hannunki, ai ba ya son citta." Muka yi dariya har ta koma kuka, ta riƙe ni ta ce daga yau ni surukarta ce.

Sai dai saninta ita kaɗai bai wadatar ba. Shekara da shekaru ba a gayyatarta biki, yara suna yi mata waƙa a hanya. Khue ya nemi a tara gari a farfajiyar ɗakin taro, aka taru. Wani mai suna Bang, mai kula da rumbun gari, wanda aka ce shi ya fara yaɗa zancen tserewar, ya miƙe ya ce su ba sa aiki da labarin baƙo, takarda mai hatimi suke so. Khue ya zaro takardar mutuwarsa ya ɗaga. Ya ce, "Ga takarda mai hatimi. Ta ce na mutu, an binne ni. Zo ka taɓa ni, Kawu Bang. In ni ne nan tsaye, wane ne a cikin ramin?"

Yaya, mutumin nan da sai ya wuni bai yi jimla uku ba, ranar ya yi magana har rana ta karkata. Ya naɗe wando ya nuna musu tabon matsattsaku. Ya kira sunayen waɗanda suka haye rafin da garuruwansu. Ya kwatanta yadda Tuat yake goya shi, har da tsokanar, cikin irin maganarsu ta nan, sai ga tsofaffin mata suna cewa shi ne, haka yake magana. Bang ya so ya ƙara wani abu, na ce masa ya zauna, shi da ko ɓeran rumbu bai taɓa tsayawa a gabansa ba. Aka kwashe da dariya, ya zauna. Khue ya harare ni, amma na ga murmushi a gefen bakinsa.

Daga nan muka yi ta zirga-zirga zuwa gunduma har takalmina ya tsinke. Sun aika kudu sun bincika, suka tabbatar. Sun ce bayan damina za a ɗauko ƙasusuwansa a kawo gida, Khue zai raka su. An mayar wa Inna kwale-kwalenta, ko da yake wani jikan ƙanwarta ne zai riƙa tuƙawa. Mu kuma jibi za mu kama hanyar gida, kewar Lien ta hana ni sakat.

Jiya aka rubuta sunansa a bangon tsakiyar gari, inda sunayen waɗanda suka faɗi a yaƙi suke. An buga ganga tun safe, mutanen hayin kogi ma sun zo, har mai shayin nan na hango tana ɓoye fuska a bayan hula. Khue ya tsaya ƙyam cikin tsohuwar rigarsa ta soja ya sara. Mai rubutu yana sauke hannu Inna Mui ta jawo ni. Ba ta iya karatu ba. Ta ce, "Surukata, wanne ne nasa? Ɗora mini yatsa." Na ce fentin bai bushe ba. Ta ce ta sani. Na kama yatsanta na bi da shi kan sunan daga farko har ƙarshe, ya fito jajir.

Na miƙa mata ƙyalle ta ƙi karɓa. Ta gyara ɗankwalinta, ta miƙe iyakar yadda bayan nan zai miƙu, ta kama hanya, gari duka yana biye da ita. Gida gida ta bi, duk ƙofar da aka taɓa rufe mata sai da ta tsaya ta yi gaisuwa, yatsa a sama. A ƙofar Bang ta fi daɗewa. Ya fito ya sunkuyar da kai, ta ce ya ɗago ya duba da kyau. Ta ce, "Sunan ɗana ne wannan. Tuat. Faɗi in ji." Ya faɗa a hankali. Ta ce kunnenta ya tsufa, ya ƙara murya. Sai ya faɗa da ƙarfi, gari duka ya amsa.

Ki gaida maigida da yara, ki kula da ƙafar nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Thoa